Biza Da Sharuɗɗan Shigowar Masana Daga Ƙasashen Waje: Nauyin Da Ke Kan Mai Masauki A Gombe

Tun daga ran 1 ga watan Mayu, 2025, Gwamnatin Tarayya ta daina bayar da takardar izinin shiga ƙasa, wato biza, wadda baƙo kan karɓa bayan ya sauka a filin jirgin sama, ta maye gurbinta da wadda ake nema ta intanet tun mutum yana ƙasarsu. Canjin ya shafi duk mai niyyar gajeriyar ziyara, amma ya fi taɓa malaman jami'o'i da masu binciken ilmi, domin tafiyarsu takan faɗa tsakanin ziyara da aiki, kuma doka ta raba waɗannan biyun.

A birnin Gombe maganar ba ta jami'o'i da asibitoci kaɗai ba ce. Masu otal, masu shatar motoci, kamfanonin tattara bayanai, masu sarrafa amfanin gona da 'yan kwangilar kayan ɗakin gwaje-gwaje duk suna hulɗa da irin waɗannan baƙi, wasunsu ma su ne kan rubuta takardar gayyata. Rabin aikin bizar masani a nan gida ake yin sa, a kan teburin wanda ya gayyace shi, kuma idan aka sami tangarɗa mai masaukin ne hukuma za ta fara nema.

Gombe Da Baƙin Masana

Zuwan masu bincike wannan yanki ya girmi jihar kanta, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Bauci ran 1 ga watan Oktoba, 1996. A cikin 1976 ne aka buga littafin Mary Tiffen, 'yar Birtaniya, a kan bunƙasar tattalin arzikin masarautar Gombe daga 1900 zuwa 1968, inda ta nuna rawar da ƙwazon ƙananan manoma ya taka wajen haɓakar noman auduga da kasuwanci. A tsakiyar shekarun 1970 kuma Bankin Duniya ya zaɓi Gombe, tare da Funtuwa da Gusau, don fara shirin raya aikin gona, abin da ya jawo ƙwararru daga ƙasashe daban-daban.

Daga 1988 zuwa 2002 Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus da Jami'ar Maiduguri sun gudanar da wani babban bincike na haɗin gwiwa a kan harsuna, tarihi da yanayin ƙasa, wanda ya kai masana ƙasar Tangale da Waja da Tula. Ɗaya daga cikin jagororinsa, Farfesa Herrmann Jungraithmayr, ya fitar da ƙamus na harshen Tangale a 1991.

Misalin da ya fi shahara shi ne na saran maciji a Kaltungo, a kan hanyar Gombe zuwa Yola, inda kububuwa ta daɗe tana halaka manoma da makiyaya. Likitocin Nijeriya, ciki har da Dokta Abdulsalami Nasidi da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, sun haɗa kai da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool, da Farfesa David Warrell na Jami'ar Oxford, da Cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika. Akan kai macizan Liverpool a tatsi dafinsu, sa'an nan a haɗa makarin dafin a yankin Wales da kuma Kosta Rika. An gwada magungunan biyu, EchiTAb-G da EchiTAb-Plus-ICP, a kan majiyyata 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010. Haka zalika shirin IDEAS na Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ya yi shekaru yana auna ingancin kula da lafiyar mata masu haihuwa da jarirai a jihar.

Yau kuma akwai cibiyoyin da za su iya gayyatar baƙo da sunan kansu: Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Kwalejin Ilmi da Fasaha ta Tarayya. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan da aka ambata ya tsaya ne a kan wata cibiya ta gida da ta tsaya wa baƙin a gaban hukuma.

Yadda Aka Karkasa Biza

Hukumar Kula da Shige da Fice ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ita ce ke da ikon bayar da biza. Tana aiki ne da Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, da kuma ƙa'idojin da aka fitar a 2017.

Ran 4 ga watan Fabrairu, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon tsarin biza wanda ya ƙara yawan ire-irenta daga 6 zuwa 79, aka kuma kasa su gida uku. Kashi na farko na gajeriyar ziyara ne, wadda ba ta wuce kwana 90. Na biyu na zaman wucin-gadi ne, har zuwa shekara biyu, na ma'aikata da ɗalibai da makamantansu. Na uku na zaman dindindin ne. Gyaran da aka yi a 2025, a ƙarƙashin Ministan Harkokin Cikin Gida Dokta Olubunmi Tunji-Ojo, ya mai da neman yawancin bizar gajeriyar ziyara ta intanet, inda hukumar ta ce za a riƙa ba da amsa cikin awa 48.

Abin da ke tantance irin bizar da ta dace shi ne maƙasudin zuwan baƙon, da tsawon zamansa, da kuma wanda zai biya shi. Muƙaminsa a jami'arsu ba ya canja wannan hukunci. Farfesa guda na iya bukatar biza iri uku a tafiye-tafiye uku.

Idan taro zai halarta, ko gabatar da ƙasida, ko tattauna yarjejeniya, bizar harkar kasuwanci mai lamba F4A ta isa, domin ta ƙunshi tarurruka da ƙara wa juna sani. Idan kuwa zai zo ne a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar malamai da ɗalibai tsakanin jami'arsa da wata jami'a ta nan, ya yi koyarwa ta ɗan lokaci ko bincike, to akwai biza ta musamman mai lamba F7H da aka tanadar wa malamai, masana da ɗalibai. Wannan ba ta ba shi damar kama aikin albashi ba. Bizar yawon buɗe ido, F5A, da ta ziyarar 'yan'uwa da abokai, F6A, ba a yi su don bincike ba, kuma wanda ya shigo da ɗayarsu ya shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi ya saɓa sharaɗin shigowarsa.

Ƙwararren da aka kira don ya kafa wata na'ura, ko ya gyara ta, ko ya horar da ma'aikata, kamar yadda kan faru a ɗakunan gwaje-gwaje na asibiti ko a masana'anta irin ta siminti da ke Ashaka, izinin aiki na wucin-gadi ake nema masa, wanda aka fi sani da TWP. Kamfani ko cibiyar da ta gayyace shi ce ke nema, kuma sai Kwanturola-Janar na hukumar ya amince kafin a bayar.

Shi kuwa malamin da za a ɗauka aiki na shekara ɗaya ko fiye, da albashi daga Nijeriya, yana bukatar bizar zaman wucin-gadi, wadda aka daɗe ana kira STR. A ofishin jakadancin Nijeriya na ƙasar da yake zaune ake karɓarta, bayan ya iso kuma mai ɗaukarsa aiki ya nema masa katin izinin zama, wato CERPAC, cikin kwana 90. Kamfani mai zaman kansa ba ya ɗaukar baƙo aiki sai ya riga ya sami gurbin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.

Akwai waɗanda aka sauƙaƙa wa. 'Yan ƙasashen ƙungiyar ECOWAS na shigowa ba biza har kwana 90, bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979. Lokacin da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairu, 2025, ECOWAS ta umurci ƙasashenta su ci gaba da barin 'yan waɗannan ƙasashe su shiga kamar da, har sai an yanke wata shawarar. Kamaru da Cadi kuma suna da yarjejeniyar ɗauke biza da Nijeriya. Bugu da ƙari, haifaffen Nijeriya da ke riƙe da fasfo na wata ƙasa, kamar yadda malaman jami'a da yawa da ke Turai da Amurka suke, yana da biza tasa mai lamba F9A.

Takardar Gayyata: Fatoma A Sabon Zamani

Fataken da suka yi safarar goro da shanu tsakanin ƙasar Hausa da Kurmi da Gwanja sun san matsayin fatoma. Shi ne mai masaukin da ke karɓar baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta taso. Amincin fatoma shi ne jarin baƙo. Dokar shige da fice ta ɗora wa mai gayyata irin wannan matsayi, sai dai nan a rubuce ne, da sa hannu da hatimi.

A cikin takardar gayyata akwai jimlar da ke cewa mai gayyata ya ɗauki cikakken nauyin baƙon ta fuskar shige da fice. Mutane da yawa kan sa hannu a kanta suna ɗaukarta tamkar gaisuwar wasiƙa, alhali alkawari ne. Ma'anarsa ita ce mai gayyata ya lamunci cewa baƙon zai tsaya a kan abin da ya kawo shi, zai fita kafin wa'adinsa ya cika, kuma idan ta kai ga a mai da shi ƙasarsu, mai gayyatar na iya ɗaukar kuɗin.

Takarda mai kyau takan fito ne a kan takardar ofis mai ɗauke da suna da adireshin cibiyar. Takan ambaci cikakken sunan baƙon kamar yadda yake a fasfo, da lambar fasfon, da ƙasarsa, da jami'ar da ya fito. Takan faɗi aikin da zai yi dalla-dalla, da ranar zuwa da ta komawa, da garuruwan da zai shiga, da inda zai sauka, da wanda zai biya kuɗin masauki da sufuri. A jami'a, ofishin Shugaban Jami'a ko na Magatakarda ne ya dace ya sa hannu, domin shugaban sashe ko malami shi kaɗai ba ya ɗaure jami'a da alkawari. Idan kamfani ne, akan haɗa da kwafin takardar rajistarsa daga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Bizar musayar malamai kuma takan bukaci kwafin yarjejeniyar fahimtar juna da ke tsakanin jami'o'in biyu da shaidar takardun ilmin baƙon.

Ɗan kasuwar da wani ya roƙa ya ara masa takardar kamfaninsa don a gayyato wani baƙo da bai sani ba, ya kamata ya auna abin da kyau. Sunan kamfaninsa ne zai zauna a cikin na'urar hukuma a matsayin mai lamuni. Idan baƙon ya ɓace, ko aka same shi yana aikin da ba shi aka rubuta ba, can za a fara bin sawu. Kamfanin sayar da taki da ya gayyaci masanin ƙasar noma don ya auna gonakin da ke kewayen madatsar ruwa ta Dadin Kowa yana da hujjar da zai kare; wanda ya gayyaci masanin tarihi da sunan cinikin hatsi ba shi da ita.

Daga Nema Zuwa Sauka

Fasfon baƙo dole ya kasance da sauran wata shida aƙalla kafin ya ƙare, da shafukan da ba a buga wa hatimi ba. Ana bukatar hoto, da tikitin komawa, da shaidar masauki ko adireshin mai gayyata, da shaidar cewa yana da abin da zai riƙe kansa. Duk waɗannan ana ɗora su ne a shafin intanet na hukumar, a biya kuɗi a can, amsar kuma ta zo ta imel. Kuskure ɗaya a harafin suna ko lambar fasfo ya isa ya sa kamfanin jirgi ya hana mutum hawa, saboda haka yana da kyau mai gayyata ya karɓi hoton shafin fasfon ya kwafa daga gare shi.

Tun daga 2025 kuma katin sauka da katin fita, waɗanda a da ake cikewa da biro a cikin jirgi, sun koma intanet, kuma ana cike na sauka kafin a hau jirgi. Nijeriya na neman katin shaidar allurar rigakafin zazzaɓin shawara daga masu shigowa. Tun daga watan Yuli, 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Wanda ya ɗauko kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinsu, wajibi ne ya bayyana wa jami'an Kwastan. Kayan aiki masu tsada da za a koma da su, kamar na'urorin awo, gara a yi musu takardar shigowa ta wucin-gadi tun da wuri, don kada a nemi harajinsu kamar kayan sayarwa.

Biza izini ne na isowa bakin ƙofa. Jami'in da ke filin jirgi shi ne ke da ikon barin mutum ya shiga, kuma adadin kwanakin da aka ba shi a nan shi ne abin lura. Ba kowace bizar gajeriyar ziyara ce ke kai kwana 90 ba. Wasu kwana 30 ne. Filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti yana jigilar alhazai, amma baƙi daga ƙetare galibi ta Abuja, Legas ko Kano suke shigowa, daga nan su hau jirgin cikin gida ko su biyo mota. Don haka duk wata tambaya da za ta taso, a can nesa da Gombe za ta taso, wani lokaci da tsakar dare. Mai gayyata mai lura yakan ba baƙonsa kwafin takardar gayyata da lambar wayar wani jami'i da zai amsa kira a ranar saukar.

Biza Daban, Izinin Bincike Daban

Hatimin Hukumar Shige da Fice bai ba kowa damar ɗibar jinin majiyyaci, ko haƙa kufai, ko fita da irin shuka ba. Kowane fanni yana da hukumarsa.

A fannin lafiya tsaurin ya samo asali ne daga abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, aka shiga doguwar shari'a a kan ko an sami sahihin izini da yardar iyaye, har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A 2007 aka fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya. Yanzu duk binciken da ya shafi ɗan Adam sai ya sami amincewar kwamitin ɗa'a mai rajista a nan Nijeriya, ko da jami'ar baƙon ta riga ta amince a can. Gwajin sabon magani kuma yana bukatar izinin hukumar NAFDAC. Fitar da samfurin jini ko na wani sashen jiki zuwa ƙasar waje sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi abin da za a yi da shi da kuma wanda ya mallake shi.

Masu binciken kayan tarihi suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta kafa. Ba a haƙa, ba a kuma fita da kayan tarihi sai da takardarta. Tsirrai, iri da dabbobi suna bi ta Hukumar Killace Kayan Gona. Jirgi maras matuƙi, wanda masu auna gonaki da zaizayar ƙasa ke yawan amfani da shi, yana bukatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da na ofishin Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma wanda ya shigo da shi ba takarda na iya rasa shi tun a filin jirgi. Kamfanonin da ke tattara sunaye, lambobin waya da bayanan magidanta a madadin baƙi kuma sun shiga ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023.

Akwai kuma izinin da ba a rubuta a kowace doka ba. Baƙon da zai yi aiki a cikin jama'a yakan fara da gaisuwa a fadar Mai Martaba Sarkin Gombe, ko ta Mai Kaltungo, ko ta sarkin yankin da zai shiga, daga nan a haɗa shi da hakimi da dagaci da mai unguwa. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan tarar da ƙofofi a rufe, kome yawan takardun da ke jakarsa.

Waɗannan izini sukan ɗauki makonni, wasu watanni. Tun da bizar da ake samu ta intanet ba a tsawaita ta, hanyar da ta fi ita ce a kammala su tukuna sa'an nan a nemi biza. In ba haka ba baƙo zai zauna a otal yana ƙirga kwanaki, wa'adinsa ya ƙare bai taɓa aikin ba.

Wuce Wa'adi Da Rajistar Baƙi

Gyaran 2025 ya zo da tara: dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan cikar wa'adinsa, tare da hana shi sake shigowa na shekaru idan abin ya yi tsawo. Mutumin da ya wuce da kwana 40 ke nan zai biya dala 600. Ga masani, hanin shigowar ya fi tarar ciwo, domin bincike irin na Kaltungo yakan bukaci zuwa da komawa shekara da shekaru. Ita ma cibiyar da ta gayyace shi sunanta ya ɓaci a gaban hukuma, wanda hakan na iya shafar baƙinta na gaba.

Damina kan jinkirta aikin ƙauye, yajin aikin jami'a kan rufe ɗakin gwaji, jirgin cikin gida kan soke tashi. Mai tsara tafiya yakan bar ratar kwanaki tsakanin ranar gama aiki da ranar cikar wa'adi. Idan tun farko an san aikin zai wuce wata uku, bizar zaman wucin-gadi ita ce daidai, ko da nemanta ya fi wahala.

A watan Yuli, 2019, aka ƙaddamar da rajistar baƙi ta na'ura, wadda ta shafi duk baƙon da zai zauna fiye da kwana 90. Ofishin hukumar na jiha da ke Gombe shi ne wurin tuntuɓa. Masu otal da gidajen saukar baƙi kuma doka ta ɗora musu ajiye littafin da ke nuna sunan baƙo ɗan ƙasar waje, da ƙasarsa, da ranar zuwansa da ta tashinsa. Mai gidan da ya ba baƙo haya na watanni ya kamata ya ga shaidar izinin zamansa kafin ya miƙa makulli.

Shingen Da Ba Na Nijeriya Ba

Sau da yawa abin da ke hana masani zuwa Gombe daga ƙasarsu yake fitowa. Bayan hare-haren da aka kai birnin a 2014 da 2015, gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun sa jihar cikin wuraren da suke gargaɗin 'yan ƙasarsu da su guje wa, kuma har a 2025 sunanta na cikin jerin, duk da zaman lafiyar da mazauna birnin ke gani. Kamfanonin inshora kan ƙi lamuntar tafiya zuwa irin waɗannan wurare, jami'o'i kuma ba su barin ma'aikacinsu ya tafi ba inshora.

Sakamakon haka aiki ya canja salo. Akan yi taron tsarawa a Abuja, a bar aikin fili a hannun malaman gida da kamfanonin tattara bayanai, baƙon ya zo na 'yan kwanaki ko kuma ya bi aikin ta intanet. Mai gayyatar da ke son baƙonsa ya iso har Gombe yakan taimaka masa da rubutaccen tsarin tafiya: wanda zai tarbe shi, motar da za ta ɗauke shi, masaukinsa, asibitin da za a nufa idan ta ɓaci, da shaidar cewa an sanar da hukumomin tsaro na jiha. Irin wannan takarda ce kwamitin jami'ar baƙon ke dubawa kafin ya sa hannu.

Kuɗin biza kuwa ba ɗaya ba ne ga kowa. Nijeriya na bin ƙa'idar ba ni gishiri in ba ka manda: abin da wata ƙasa ke karɓa daga 'yan Nijeriya, kwatankwacinsa ake karɓa daga 'yan ƙasarta. Saboda haka tawagar da ta haɗa Bajamushe, Ba'amurke da ɗan Kenya za ta biya kuɗi iri uku, kuma a shafin hukumar ake duba na kowa a lokacin nema. Malaman Gombe masu fita waje su ma suna fuskantar nasu sharuɗɗan. Birtaniya na barin malamin jami'a mai hutun bincike ya nemi bizar ziyara ta har wata 12. Amurka kuwa a watan Yuli, 2025, ta rage yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Nijeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku. Yayin da fita ke ƙara wuya, kawo abokan aiki nan gida na ƙara muhimmanci ga jami'o'in jihar.

Rabon 'Yan Kasuwa

Kuɗin bincike kuɗi ne da aka riga aka ware, galibi da dala ko fam ko yuro, kuma kaso mai yawa a wurin aikin ake kashe shi: masauki, shatar mota da mai, albashin tafintoci da matasa masu bin gidaje da tambayoyi, buga takardu, ɗakin taro, abinci, sanyaya samfur da wutar lantarki. Masu ba da irin wannan kuɗi suna bin kowane kwabo da rasit. Kamfanin da ke da rajista, da lambar biyan haraji, da asusun banki da sunan kamfanin, da takardar kuɗi mai tsabta, shi ne ke samun aikin, ko da wani ya fi shi araha. Mai motar da ke da cikakkiyar inshora da direba mai lasisi ya riga wanda ba shi da su.

Amfanin da ya fi wannan daɗewa shi ne abin da binciken kan bari. Makarin dafin da aka gwada a Kaltungo ya mai da manoma da yawa gonakinsu, asibitin garin kuma ya zama wurin da ake kawo waɗanda maciji ya sara daga jihohin maƙwabta. Aikin haƙar man fetur na Kolmani, a kan iyakar Gombe da Bauci, wanda aka ƙaddamar a watan Nuwamba, 2022, da noman rani a Dadin Kowa, da yaƙi da zaizayar ƙasa a cikin birnin Gombe, duk fannoni ne da ke bukatar masana na gida da na waje.

Ƙa'idojin biza sun canja a 2015, da 2020, da 2025, kuma kuɗaɗe da lambobi na iya sake canjawa. Kafin a aika wa kowane baƙo takardar gayyata, ya kamata a duba shafin Hukumar Kula da Shige da Fice ko a tuntuɓi ofishinta na Gombe, a tabbatar da irin bizar da ta dace da aikin, a kammala izinin bincike, sa'an nan a tsai da ranar tafiya.